Ciwon Ƙashin Gidanmu

Kun taso kuna jin maganganu iri-iri a kan shekarar da na daina zuwa kara, kasuwar shanu, wadda a cikinta ne kuma muka daina gaisawa da yayana Bello. Wasu sun ce muku a kan gona muka saɓa. Wasu sun ce wani abokin dillanci ne ya yi mini asiri. Babu gona a ciki, babu asiri. Tun da har yanzu hannuna yana iya riƙe alƙalami, gara ku ji daga gare ni, ko da yake akwai wuraren da zan rubuta ina jin kamar in rufe fuskata.

A Jajaye aka haife mu, ni da Yaya Bello. Mahaifinmu, kakanku Jibo, yana kiwo yana noma. Ban taɓa saninsa da haƙori ba. Tun ina ƙarami fura da tuwo mai laushi ake ba shi, kansa ya fi na sauran maza girma, ƙafarsa ta dama a lanƙwashe take, kuma sai an matsa kusa da kunnensa an ɗaga murya yake ji. A gida ana cewa bijimi ne ya taka shi yana saurayi, mu kuma muka riƙe haka. Babu wanda ya taɓa tambayar yadda takun bijimi a ƙafa zai zubar wa mutum da haƙora ya kuma toshe masa kunne.

Ni na bar kiwo da wuri, na dawo Karaye na kama dillancin shanu. Allah ya ba ni murya, ya ba ni kunne. Har tsokanata ake yi, wai Isiyaku yana jin tayin da aka yi a ƙarshen kara kafin mai saniya ya ji. Da girma ya zo sai aka fara nemana a wasu wuraren: idan shanu sun yi ɓarna a gona ni ake kira sulhu, idan za a ba da aure a dangi ni ake turawa gaba. Ina son wannan matsayi, ba zan ɓoye muku ba. Ina son in shigo taro a tashi a ba ni wuri.

Haƙora ne suka fara, ban ma kai arba'in ba. Ɗaya ya yi girgiɗi ya fita, wani ya biyo shi, na ce goro ne. Daga baya kunne ya fara nauyi, sai na koyi kallon bakin mai magana, na kuma ƙware a kai har nake ganin na fi masu ji. Ƙwaurina na hagu ya riƙa ciwo, idan na taɓa shi sai in ji ɗumi kamar an ajiye shi a rana, a hankali kuma ya fara lanƙwasa. Na sa tela ya ƙara wa rigunana tsawo. Idan za mu tafi masallaci sai in tsaya gyara takalmi har kowa ya wuce gaba. Akwai lokacin da hulunana suka riƙa matse mini kai, na yi ta yi wa mahaifiyarku Hajara faɗa cewa mai wankin hula yana lalata mini kaya. Bayan wani lokaci suka daina matsewa, na manta da zancen. Duk tsawon shekarun nan na tabbata a raina cewa babu wanda ya lura da komai.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama girbi, Yaya Bello ya aiko cewa zai aurar da 'yarsa Binta, kuma ni ne waliyyi, kamar yadda na yi wa yayarta Hauwa. Na sa babbar riga na tafi Jajaye. An cika ƙofar gida, mutanen ango sun zo daga Falgore mota guda. Aka zaunar da ni gaban liman. Sai da wakilin ango ya matso na ga dattijo ne mai rawani, ya ja amawali ya rufe bakinsa har hanci. Ba na ganin leɓensa ko kaɗan. Na ga rawanin yana motsi, na san yana magana, na kuma san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, domin na ba da aure ya fi a ƙirga. Da motsin ya tsaya sai na gyara zama, na ɗaga muryar nan tawa da aka san ni da ita.

"Na ba shi."

Wurin ya yi wani iri. Liman ya ɗaga hannu. Na ga Yaya Bello ya sunkuyar da kai, na ga na bayansa suna kallon juna, wasu suna rufe baki da hannun riga. Ashe dattijon nan tuntuɓen harshe ya yi, ya nemi auren Hauwa maimakon Binta, Hauwa da take ɗakin mijinta da goyo. Kowa a wurin ya ji, kowa yana jiran waliyyi ya gyara masa, waliyyi kuwa ya bayar da matar aure a gaban jama'a. Ban san abin da ya faru ba, ina ta murmushi ina duban fuskoki. Can gefe na hangi wani baƙo ya karkata wajen na kusa da shi, bakinsa a fili, na karanta abin da ya ce sarai.

"Ai kurma ne. Me ya sa suka sa kurma?"

Liman ya matso ya yi mini bayani a kunne da ƙarfi, yadda muke yi wa mahaifinmu. Aka sake daga farko. Dattijon ya sauke amawalinsa, ya riƙa buɗe baki a hankali kamar mai koya wa yaro karatu, na ba da Binta. Da aka shafa fatiha na yunƙura in tashi in bar wurin, ƙafar ta ƙi. Sai da mutum biyu suka kama ni ta hammata suka ɗaga, rigar ta yaye, duk wanda ke wurin ya ga ƙwaurin. Ban tsaya cin abinci ba.

Da na iso gida na shige ɗaki, na ce kada a bar kowa ya shigo. Hajara ta shigo duk da haka, ta zauna a gabana inda zan ga bakinta. Sai a ranar na lura cewa ta daɗe ba ta yi mini magana daga baya ko daga wani ɗaki ba.

"Yau asirina ya tonu," na ce mata.

"Malam, wane asiri?"

"Kunnena. Ƙafata."

Ta tashi ta buɗe akwatinta, ta fito da tsofaffin hulunana a ɗaure cikin ɗankwali. Ta ɗauki ɗaya ta saka a cikin wadda na cire. Tsohuwar ta shige cikin sabuwar har da sauran wuri.

"Ba mai wanki ba ne," ta ce. "Kanka ne yake ƙaruwa. Ni nake kai wa mai ɗinki ya yi irinsu sak, ya ɗan ƙara faɗi. Yara sun sani. Abokan cinikinka ma sun sani, shi ya sa suke nuna maka tayi da yatsu. Babu wanda yake so ya kunyata ka."

Abin da ya faru a Jajaye bai yi mini ciwo kamar wannan ba. Na tuna duk ranakun da na shiga kara ina taƙama, ashe lallaɓa ni ake yi. Na tuna sulhun da na yanke ina ganin hikimata ce ta sa aka yi shiru. Daga ranar ban sake zuwa kara ba. Sallah ma a ɗaki na riƙa yi, ni da nake sahun gaba.

Safiya ce ta fitar da ni. Ita ce babbar 'yata mace, a lokacin tana koyarwa a makarantar firamare a nan Karaye, kuma an riga an sa ranar aurenta da wani yaron kirki ɗan Yammedi. Ta yi ta bina da magana har na gaji na yarda. Muka je asibitin garin nan, suka tura mu babban asibiti a Kano. Aka ɗauki hoton kaina da ƙafata, aka ɗebi jini, aka gwada kunne, muka yi ta zarya. A ƙarshe aka shigar da mu wurin wata likitar ƙashi. Da Safiya ta gaya mata halin da nake ciki, sai ta sauke takunkumin fuskarta ta juyo da kujera ta fuskance ni. Ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a gidanmu. Na ce babu, sai dai mahaifina da bijimi ya taka. Ta ce in kwatanta mata shi. Ina kwatantawa ina jin kamar kaina nake kwatantawa.

"Baba," likitar ta ce, "ƙashi ba dutse ba ne. Muddin mutum yana raye ana rushe tsohon ƙashi ana gina sabo, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake kankare katanga a sake yaɓe. Akwai ƙwayoyin da aikinsu rushewa, akwai masu gini. A jikin masu rushewar akwai wani sinadari, furotin ne, mu muna kiransa RANK, shi ne yake karɓar saƙon cewa a fara aiki. Idan saƙo ya zo su fara, idan babu su dakata. A wasu gidaje ana gadon wannan furotin da 'yar matsala, sai ya zama ko ba a aiko da saƙo ba yana nan yana cewa a rushe. Masu gini kuma su bi baya da gaggawa, sai ƙashin ya fito da kauri amma babu ƙwari, ya lanƙwashe, ya yi ɗumi. Yana taɓa ƙananan ƙasusuwan cikin kunne, yana taɓa saiwar haƙori."

Ta ce gwajin da zai tabbatar da hakan ɗari bisa ɗari ba a yin sa a nan, amma hotunan da jinin da labarin mahaifina duk wuri ɗaya suke nunawa. Ta ce akwai magani da ake sawa ta ƙarin ruwa, yana kwantar da masu rushewar na dogon lokaci. Zai rage mini ciwo, amma ba zai miƙar da ƙafa ba, ba zai dawo da haƙori ba. Wanda aka gano da wuri shi ne yake cin moriyarsa sosai.

"'Ya'yana fa?" na tambaye ta.

"Kowane ɗaya yana iya ɗauka, yana iya tsira. Haka 'ya'yan 'yan uwanka, idan iyayensu sun ɗauka. Ya kamata su sani."

Safiya tana zaune a gefena. Ban iya juyawa na dube ta ba. An gwada jininta a ranar, ba a ga komai ba, amma likita ta ce wannan bai isa a ce ta tsira ba, sai shekaru sun nuna.

Aka sa mini ƙarin ruwan, na yi kwanaki ina zazzaɓi, daga baya ciwon ƙwaurin ya lafa yadda na manta ana iya rayuwa babu shi. Sai maganar Yammedi ta tsaya mini a rai. Na aika aka kira Yaya Bello, na gaya masa duk abin da likita ta ce, na kuma ce ina so in sanar da iyayen yaron kafin a ɗaura aure. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Isiyaku, kunyar da ka ba mu a Jajaye ba ta ishe ka ba? Mahaifinmu bijimi ne ya taka shi. Haka muka sani, haka za mu bar wa 'ya'yanmu. Idan ka buɗe baki, wa zai ƙara neman aure a gidanka ko a gidana?"

"Yaya, idan aibi ne a jikin saniya ba na ɓoye wa mai saye. Yaya zan ɓoye a aure?"

"'Yarka ba saniya ba ce."

Ya yi gaskiya a nan, kuma na ji kunyar misalin da na kawo. Bayan ya tafi Hajara ma ta zo da tata.

"Malam, shekara da shekaru muna rufa maka asiri. Yanzu kai ka rufa wa 'yarka. Lafiyarta ƙalau."

Na daɗe ina juya maganar. Zan so in ce muku tsoron Allah ne kaɗai ya tura ni, kuma akwai shi a ciki. Amma akwai wani abu kuma. Na ɗanɗana yadda ake ji idan kowa ya san abu a kanka kai kaɗai ne ba ka sani ba, na kasa yarda in zaunar da wasu mutane a wannan matsayi. Na kuma kasa jure tunanin ranar da za su gano da kansu, su ce Isiyaku ya sani ya yi shiru. Wato har a nan ina duba mutuncina ne. Safiya ban tambaye ta ba. Na gaya mata ne kawai cewa gobe zan je, ta ce, "To, Baba."

Mahaifin yaron ya karɓe ni a zaurensa da mutunci, aka kawo fura. Bayan mun gama gaisawa na faɗa masa komai yadda na iya. Na ga bai gane ba, sai na cire hulata na ajiye, na ɗage riga na nuna masa ƙafar. Tunda na girma ban taɓa zama a zauren wani kai babu hula ba. Ya kalla, ya kawar da kai da sauri.

"Allah ya ba da lafiya, Malam Isiyaku. Ka yi abin da ba kowa zai yi ba. Za mu yi shawara."

Shawarar ba ta ɗauki lokaci ba. Suka aiko dattawa da kalamai masu daɗi, cewa yaro zai ƙaro karatu, kada a tsare yarinya. Muka mayar musu da kayansu. Kafin wata ya ƙare maganar ta zaga Karaye ta kai Rogo: gidan Jibo suna da ciwon gado, ƙashinsu yana narkewa. Mai neman ƙanwar Binta ya ɗauke ƙafa. Yaya Bello ya aiko cewa kada in sake taka gidansa, ya kuma hana iyalinsa zuwa nawa. Da sallah ƙarama ta zo, a karon farko tun rasuwar mahaifinmu ba mu ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Safiya ba ta fasa zuwa makaranta ko rana ɗaya ba. Ta rame, idonta ya faɗa, amma kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini kunu ta tsaya har in sha. Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi. Wata rana da la'asar na same ta tana tsintar shinkafa a tsakar gida, na zauna kusa da ita na ce ta yafe mini. Ta sunkuyar da kai a kan faifan ta ce wani abu. Ban ga bakinta ba, don haka ban san abin da ta ce ba, kuma ban iya cewa ta maimaita ba. Kun san ta yi aure daga baya a Rogo, bayan ƙannenta biyu sun riga ta, kun san mijinta mutumin kirki ne. Yau ta haura arba'in, haƙoranta cif, tana jin motsin kaza a bayan ɗaki. Ga dukkan alamu ba ta ɗauka ba. Da na yi shiru, da babu abin da zai taɓa bayyana a jikinta. Ina tuna wannan duk lokacin da ta shigo gaishe ni.

Damina ta zagayo, ana tsakiyar noman farko, wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Na fito na ga Yaya Bello a tsaye da babban ɗansa Haruna, wanda yake riƙe masa shanu, ƙaƙƙarfan saurayi da bai kai talatin ba. Muka gaisa a tsaye kamar baƙi. Na shimfiɗa tabarma, Yaya ya zauna yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ya fuskance ni sosai.

"Haƙoransa biyu sun fita babu ciwo. Uwarsa ta ce idan ta kira shi daga baya ba ya juyowa. Ka kai mu wurin likitar nan taka."

Ban ce masa komai a kan abin da ya wuce ba, shi ma bai ce ba. Muka tafi Kano mu uku. Likita ta duba Haruna, ta sa aka yi masa gwaje-gwaje, ta ce an zo a kan lokaci, kuma ga shi nan kuna ganinsa har yau da ƙafafunsa a miƙe. Duk wanda a cikinku ya ji haƙori yana girgiɗi babu dalili, ko kunne ya fara nauyi, ko wani ƙashi yana ɗumi, ya tafi a duba shi, kada ya tsaya ƙara wa riga tsawo.

A ranar da aka ba mu sakamakon Haruna, likita ta dubi Yaya Bello ta ce abin ba ya tsallake uba ya faɗa kan ɗa, ko akwai wani abu da yake ji a jikinsa? Na buɗe baki zan ce mata Yaya lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ko ciwon baya ba. Sai na ga ya sunkuya a hankali, ya kama ƙafar wandonsa ta dama, ya naɗe ta har gwiwa. Ƙwaurin ya lanƙwashe, bai kai nawa ba, amma ba lanƙwasar shekara ɗaya ko biyu ba ce.

"Tun kafin auren Hauwa," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba.

Na juya na kalli bango, ban juyo ba har likita ta gama duba shi ya sauke wandonsa.